Yadda Ake Auna Amfanin Ɗaukar Ma'aikata Daban-daban

Hajiya, kin tambayi yadda za ki gamsar da shugabannin kamfaninku da alƙaluma cewa ɗaukar maza da mata daga ƙabilu daban-daban, har da masu buƙata ta musamman, yana amfanar kasuwanci. Na daɗe a sashen kula da ma'aikata, kuma shawarata ita ce kada ki jingina hujjarki da ribar ƙarshen shekara.

Yawancin mutane sukan kafa hujja da rahoton 2020 na McKinsey, kamfanin ba da shawara kan kasuwanci, wanda ya ce kamfanonin da shugabanninsu suka fi haɗa ƙabilu daban-daban sun fi waɗanda suke can baya a wannan fanni yiwuwar samun riba mai tsoka da kashi 36 cikin ɗari, waɗanda suka fi haɗa maza da mata kuma da kashi 25. Sai dai a 2024 wasu masu bincike biyu, Jeremiah Green da John Hand, sun gwada irin wannan lissafi a kan manyan kamfanonin Amurka 500, ba su ga wannan alaƙa ba. Ban yi mamaki ba, domin riba tana rataye ne da farashin dala, da tsadar mai, da halin kasuwa, kuma duk akantan da ya san aikinsa zai tunatar da ke haka a gaban kowa.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne auna abin da yake kusa. Ki duba su waye suke ajiye aiki tun ba su cika shekara ba, sannan ki lissafa kuɗin talla da tantancewa da horas da wanda zai maye gurbinsu. Ki kwatanta albashin masu mataki ɗaya. Dokar Birtaniya ta 2017 ma ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 250 zuwa sama su bayyana tazarar albashin maza da mata a kamfanin baki ɗaya. Ki kuma duba wanda ake yi wa ƙarin girma da wanda aka bari yana jira, domin ƙidayar waɗanda aka ɗauka kaɗai ba ta nuna ko ana sauraronsu.

A wani kamfanin da na yi aiki, mun tura ma'aikata mata suna shiga gidajen da ba a barin baƙo namiji ya wuce zaure, sai muka kwatanta sababbin kwastomomin rassan da aka yi hakan da na sauran rassa. Wannan ne ya gamsar da shugabanni. Amma ki fara tattara alƙaluman yau kafin ki sauya komai, in ba haka ba baɗi ba ki da abin kwatantawa.