Tambaya da Amsa: Wa Ke Rubuta Doka a Cikin Fayawol Ɗinka?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan Linux ne da fayawol, wato mai gadin da ke tantance abin da zai shiga kwamfuta ko ya fita ta netwok, sai na haɗa guda huɗu da suka fi kama da juna, saboda in ka duba da kyau ciwon ɗaya ne, alamominsa ne kawai suka bambanta.

Tambaya ta farko: Malam barka da aiki. Dan Allah ina da saba da na kama haya a intanet, Ubuntu ne a kai, na kunna ufw na toshe komai in banda fot 22 da 443, sai na tayar da rumbun bayanai a cikin kwantenar Docker da -p 5432:5432, wlh da na gwada daga wata kwamfutar daban sai naga fot ɗin a buɗe yake, alhali ufw status bai nuna shi ba sam. An yi min kutse ne ko me?

Amsa: Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, ba kutse ba ne, amma fa kar ka bar shi haka ya kwana. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ufw ba shi ne fayawol ɗin ba, ainihin fayawol ɗin yana cikin kenel, wato zuciyar Linux ɗin, sunansa netfilter, tun Linux 2.4 na shekarar 2001 yake nan, shi kuwa ufw ɗan aike ne kawai da ke rubuta maka dokoki a ciki. Kuma ba shi kaɗai ke da alƙalami ba. Docker mai tayar da manhajoji a cikin kwantena na rubutawa, libvirt mai kula da injinan da ake tayarwa a cikin kwamfuta na rubutawa, manhajar VPN na rubutawa, fail2ban mai toshe masu gwada kalmar sirri ma haka, duk wanda ke da izinin taɓa saitin netwok, wato CAP_NET_ADMIN, zai iya. Kamar allon aji ne guda ɗaya da malamai biyar ke amfani da shi, kowa da ɓangarensa, kuma babu wanda ke karanta na wani.

To ga yadda naka ya faru. Fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanan da ke tafiya a netwok, in ya shigo, wurin farko da yake tsayawa shi ne PREROUTING, bayan nan ne kenel zai duba ya ce wannan na gida ne ko mai wucewa ne, in na gida ne ya tura shi INPUT, in mai wucewa ne ya tura shi FORWARD. Dokokin da ka rubuta da ufw na toshe masu shigowa suna zaune ne a INPUT. Shi kuwa Docker tun a PREROUTING, a teburin nat, yake canja adireshin da fakitin zai je, ya mayar da shi na kwantenar, wani abu kamar 172.17.0.2, da kenel yazo yanke hukunci sai yaga ai wannan ba adireshina ba ne, sai ya bi da shi ta FORWARD inda Docker ya riga ya sa dokar a bari ya wuce. Kaga kenan fakitin ko leƙa INPUT bai yi ba balle ufw ya gan shi. Haka aka tsara abin tun asali, kuma a rubuce yake a takardun bayanin Docker ɗin.

Magani mafi sauƙi, kuma shi nake ba kowa shawara, in dai manhajar da ke kan sabar ce kaɗai za ta yi magana da rumbun, ka rubuta -p 127.0.0.1:5432:5432, shikenan na waje ba zai gan shi ba. In ma wata kwantenar ce ke buƙatarsa to cire -p ɗin gaba ɗaya ka haɗa su a netwok ɗaya. In kuwa dole sai wata kwamfuta ta waje ta iso gare shi, akwai sarƙa, wato jerin dokoki, mai suna DOCKER-USER da aka tanada domin irin ka, ana duba ta kafin dokokin Docker. Sai dai ka kula da abu ɗaya da ke kayar da mutane a nan, lokacin da fakiti ya iso wannan sarƙar an riga an canja masa adireshi da fot, wato in ka buɗe 8080:80 sannan ka rubuta doka a kan 8080 ba za ta taɓa kama komai ba, 80 za ta gani. Sai ka yi amfani da conntrack, mai riƙe tarihin kowane haɗi, da --ctorigdstport in lambar asali kake nufi.

Tambaya ta biyu: Salam Malam, ni ɗaliba ce, ina son mayar da tsohuwar kwamfuta rawta mai katin netwok biyu, intanet na shigowa ta ɗaya ina so ya fita ta ɗayan zuwa sauran kwamfutocin. Suna iya yin ping ɗinta amma ba sa kaiwa waje. Jiya ya ɗan yi aiki da na kwafo wasu umarni, yau da na sake kunnawa komai ya tafi.

Amsa: 'Yar'uwa abu uku ne sai sun haɗu. Na farko Linux ba ya wuce da fakitin wani sai kin ce ya yi, ki duba /proc/sys/net/ipv4/ip_forward, in kika ga 0 to nan ne, ki sa sysctl -w net.ipv4.ip_forward=1. Na biyu kwamfutocin cikinki adireshin gida gare su, irin 192.168 ɗin nan, ba wanda zai iya mayar musu da amsa daga waje, don haka sai kin sa MASQUERADE, mai sauya adireshinsu da na rawtar, a POSTROUTING, tashar ƙarshe kafin fakiti ya fita, a kan katin da ke fuskantar intanet. Na uku FORWARD ta yarda, kuma ta yarda har da amsoshin da ke dawowa, wato ESTABLISHED da RELATED. In akwai ufw a kai, shi da DROP yake zuwa a kan masu wucewa sai kin yi ufw route allow, in akwai Docker shi ma yakan mayar da manufar FORWARD ta koma DROP ba tare da ya tambaye ki ba.

Batun ɓacewa kuwa, duk abin da kika rubuta da iptables, umarnin rubuta dokokin fayawol, ko sysctl -w a ƙwaƙwalwar kenel yake zaune, ana kashe wuta ya tafi. Na sysctl ki sa shi a fayil cikin /etc/sysctl.d/, dokokin kuma ki adana da iptables-save, a Debian da Ubuntu kunshin iptables-persistent na dawo da su duk lokacin da aka kunna. In kina so kawai abu ya yi aiki ne ba koyo ba, NetworkManager na da yanayin raba intanet da ke yin duk wannan da kansa har da rabon adireshi daga 10.42.0.0/24, amma tunda ɗaliba ce ke ki yi da hannu tukuna. Af, in kika zo kan IPv6, da zarar kin kunna wucewa kenel zai daina sauraron sanarwar rawtar da ke samanki, sai kiga hanyarki ta fita ta ɓace, ki sa accept_ra ya zama 2 a katin wajen.

Tambaya ta uku: Yallaɓai an ce min iptables ya mutu a koma nftables. Na rubuta /etc/nftables.conf na loda, nan take duk kwantenoni da injinan libvirt ɗina suka rasa intanet. Na koma iptables ɗin ne ko yaya?

Amsa: Ina iya rantsuwa layin farko-farko na fayil ɗinka flush ruleset ne, don da shi samfurin ke zuwa. Wannan layin ba naka kaɗai yake gogewa ba, duk allon yake sharewa, har da abin da Docker da libvirt suka rubuta. Za ka ce ai su iptables suke amfani da shi, me ya haɗa su? To buga iptables -V ka gani, in ka ga nf_tables a ƙarshen layin, to sunan ne kawai iptables, a ƙarƙashi nftables yake rubutawa. Debian ta koma haka tun Buster a 2019, RHEL 8 ma a shekarar ta zo da firewalld a kan nftables. Shi nftables ɗin ba sabon abu ba ne fa, tun Linux 3.13 a Janairun 2014 ya shiga kenel, kuma ba wannan ne karo na farko da aka yi sauyi ba, ipfwadm ya ba ipchains wuri, ipchains ya ba iptables, Rusty Russell ne ya rubuta na biyun ƙarshen nan.

Ni dai ra'ayina kar ka koma. nftables ya fi, ko don abu biyu, teburin inet ɗaya na kula da IPv4 da IPv6 tare, saɓanin da da mutum zai toshe komai da iptables ya manta akwai ip6tables ya bar ta wangale, sannan nft -f na loda fayil gaba ɗaya a lokaci guda, ko duka ya shiga ko ba abin da ya canja. Abin da zakayi shi ne ka ƙirƙiri tebur naka da sunanka, ka riƙa goge shi kaɗai in za ka sake lodawa, ka cire flush ruleset ɗin nan. Yanzu dai ka sake tayar da Docker da libvirt su mayar da nasu.

Saura abu ɗaya da nake so ka riƙe, don shi zai ci maka dare nan gaba. A nftables in sarƙoƙi biyu daga tebura daban suna rataye a wuri ɗaya, accept ɗinka ba shi ne maganar ƙarshe ba, fakitin zai ci gaba zuwa sarƙa ta gaba, in waccan ta ce drop ya faɗi. Amma drop ko daga wa ya fito, an gama. Shi yasa zaka ga mutum na ta ƙara accept a teburinsa abu yaƙi wucewa, alhali mai toshewar na wani teburin ne. nft list ruleset zai nuna maka komai da komai, ka fara da shi kafin ka rubuta ko layi ɗaya.

Tambaya ta huɗu: Malam ina tayar da WireGuard a saba da AllowedIPs 0.0.0.0/0 sai SSH ɗina ya daskare. Wace dokar fayawol ce zan buɗe?

Amsa: Babu ko ɗaya, wannan ba fayawol ba ne, zaɓen hanya ne. wg-quick, umarnin da ke tayar da VPN ɗin WireGuard, in ya ga 0.0.0.0/0, wato duk adireshi, yana buɗe sabon teburin hanya mai lamba 51820 ya ƙara dokoki biyu a ip rule, a 32764 da 32765, gaban babban teburin da ke 32766, don komai ya bi ta ramin. Fakitinka na SSH yana shigowa lafiya ta adireshin sabar, amsar ce ke fita ta cikin VPN, ba ta dawo maka yadda kake jira. Ka sa ip rule add from adireshin sabar table main priority 100 a PostUp na fayil ɗin WireGuard, wato umarnin da ke gudana da zarar an tayar, yadda duk amsar da ta fito da wannan adireshin za ta bi tsohuwar hanya. Ka tabbatar da ip route get. Kuma dan Allah duk mai taɓa waɗannan abubuwa daga nesa ya fara tanadar hanyar dawowa, ko iptables-apply da ke mayar da tsofaffin dokoki in ba ka amsa masa ba, ko ka saita umarnin at, mai gudanar da aiki a lokacin da ka ba shi, ya sauke VPN ɗin bayan minti biyar, ko aƙalla ka san inda konsol ɗin kamfanin hayar yake kafin ka danna.