Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Yaron da Ba Ya Jin Aike

Tambaya daga Arkilla: Likita, a gidanmu ana yin Hausa da Fulatanci. Shin hakan zai rikita 'yata mai shekara 2?

Amsa: Ba zai rikita ta ba, Malama. Ku ci gaba da yi mata duka biyun.

Tambaya daga Wamakko: A wane lokaci yaro ke iya riƙe aike biyu a jere?

Amsa: Yawanci tsakanin shekara 2 da 3 ne, kamar a ce masa, "Ɗauko buta ka kai wa Baba." Idan ya cika 3 bai iya ba, a kawo shi asibiti.

Tambaya daga Mabera: Ɗana shekararsa 3, ya yi sanƙarau bara. Yanzu in na aike shi sai ya tsaya yana kallona, maganarsa kuma ta ja baya. Mahaifinsa ya ce taurin kai ne, kakarsa kuma ta ce a kai shi wurin wanzami a yanke masa ƙasan harshe.

Amsa: Hajiya, wannan tambaya ta tayar mini da hankali. Sanƙarau yana cikin manyan cututtukan da ke kurmantar da yara a yankinmu, kuma yaron da ya daina ji sosai yakan zuba wa bakin mai magana ido, domin a can yake neman abin da kunnensa ya kasa kamawa. Don Allah kada a doke shi da sunan taurin kai. Batun wanzami kuwa, na gaji da ganin yaran da aka kawo suna zubar da jini saboda aska, alhali fahimtar magana aikin kunne ne da ƙwaƙwalwa, harshe ba shi da hannu a ciki. Kada kuma a ɗiga masa man ja ko ruwan albasa a kunne.

Ku kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a gwada jinsa cikin wannan makon, domin jinkiri bayan sanƙarau yana rage abin da za a iya gyarawa.

Kafin nan, ki kashe rediyo, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki kira sunansa har ya dube ki, sannan ki ce, "Kawo kofi," kina nuna kofin da hannu. Ki yi shiru ki ba shi lokaci, kada ki yi saurin maimaitawa. Idan ya kawo, ki yaba masa, sai ya saba da aike ɗaya sannan ki ƙara na biyu. Masu horar da yara magana ma da haka suke farawa, amma wannan horo ba zai maye gurbin gwajin kunne ba, saboda haka kada makon nan ya wuce ba ku je ba.