Nais ko giranait, wanne ya girmi wani?

Malam, kana tambayar yadda za ka gane wanda ya fi tsufa tsakanin nais (dutse mai zane-zane da zafi da matsi suka sauya) da giranait (dutsen da ya narke ya daskare a cikin ƙasa) a duwatsun Jos. Dubi mahaɗarsu: wanda ya ratsa ɗan'uwansa ya yanke zanen jikinsa, shi ne ƙarami. In kuma ka tarar da gutsuren nais a cikin giranait, to nais ya riga shi.

Sai dai kada ka dogara da awon fotashiyom da agon, wato gano shekarun dutse ta yawan iskar agon da sinadarin fotashiyom ya haifar a cikinsa. Zafi na korar agon, sai awon ya nuna maka lokacin da dutsen ya yi ɗumamar ƙarshe kawai. Giranait na Jos masu ƙarancin shekaru kimanin shekara miliyan 160 ne, tsofaffin kuwa wajen miliyan 600, kuma duk sun gasa nais ɗin da ke kusa da su. A nemi zirkon, wani ma'adini mai ƙananan ƙwayoyi a cikin dutsen, a auna yuraniyom da dalmar da ke cikinsa don gano shekarunsa, tsakiyar ƙwaya daban, gefenta daban. Sau da yawa tsakiyar ce mai tsohon shekaru.