Tambaya da Amsa: Me Ya Raba Kan 'Yan Wasa a Kan Gidan Ravenhearst?

Wasiƙun da suka iso filin wasannin kwamfuta a wannan watan sun fi karkata ga wasannin laluben ɓoyayyun kaya masu ban tsoro. Mun zaɓi guda biyar.

Ana ta yi mini zancen Ravenhearst, wani ya yaba, wani ya kushe. Wane irin wasa ne, kuma da wanne zan fara? (Mai karatu daga Zariya)

Malam, masu yabon da masu kushen duk gaskiya suke faɗa, sai dai ba wasa ɗaya suke nufi ba. Kamfanin Big Fish Games na birnin Siyatil a Amurka ya fitar da wasanni uku na farko a kan wannan gida, cikin jerinsa na Mystery Case Files, kuma kowanne da halinsa.

Na farkon, Ravenhearst, ya fito a 2006. Kai ne jami'in bincike da aka tura wani tsohon gida da ke kusa da Blackpool a Ingila. Za a ba ka ɗaki cike da tarkace, a gefe ga jerin sunayen kayan da za ka zaƙulo, agogo kuma yana tafiya. In ka gama, sai a ba ka yagaggen shafi ka haɗa gutsattsarinsa. Shafukan na littafin sirrin Emma Ravenhearst ne, wata malamar makaranta da ta zo daga Amurka, wadda ta rubuta abin da ya same ta a hannun Charles Dalimar tsakanin 1894 da 1895. Abin da 'yan wasa suka fi tunawa shi ne makullan ƙofofi: kowace ƙofa da na'urarta mai sarƙaƙiya, ka taɓa wannan ya motsa wancan, ba tare da an gaya maka ƙa'ida ba. Masu kuka kuwa cewa suke ana mayar da mutum ɗaki ɗaya sau da yawa har ya haddace shi.

Na biyu, Return to Ravenhearst na 2008, shi ya sauya salon. A nan kana yawo da ƙafarka daga harabar gida zuwa ɗakuna zuwa abin da ke binne a ƙarƙashin ƙasa, kana tara kayan aiki kana amfani da su. Fatalwowin ma mutane ne aka ɗauka a bidiyo. Na uku, Escape from Ravenhearst na 2011, shi ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce, za mu zo kansa a ƙasa.

Shawararmu ita ce ka fara da na 2006 don labarin, ka zaɓi yanayin da ba ya takura lokaci, sannan ka shiga na 2008, wanda a ganinmu shi ne gwarzon ukun. Kalmar "gotik" da za ka ji ana siffanta irin waɗannan wasanni da ita kuma sunan wani salon adabi ne da ya taso a Ingila a ƙarni na 18: tsohon gida, maƙabarta, ruwan sama, hankaki, da wani mugun sirri na iyali. Tsoron cikinsa a hankali yake shiga jiki, ba irin na dodo ya faɗo maka ba ne. Wanda ya zo neman gudu da harbi zai ce wasan ya yi sanyi, kuma yawancin masu kushen daga nan suka fito.

Turancina ba shi da ƙarfi, da Faransanci na yi karatu. Nakan daɗe ina neman abu ɗaya har raina ya ɓaci. (Mai karatu daga Maraɗi)

Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne, har Turawan suna wannan kukan, domin da gangan masu wasan ke zaɓar kalma mai harshen damo. In jerin ya ce "bat", yana iya zama jemage, yana iya zama sandar buga ƙwallo. "Pipe" ko lofen taba ko bututun ruwa. "Spade" ko shebur ko alamar da ke jikin katin karta. Saboda haka in ka duba ƙamus kada ka tsaya a ma'anar farko. An kuma fitar da waɗannan wasanni da Faransanci, in ka samu wannan bugun ka huta.

Sai yadda ake laluben kansa. Karanta jerin duka sau ɗaya, ka riƙe suna uku kawai a ka. Raba hoton gida huɗu a zuciyarka, ka bi kowane kashi daga sama zuwa ƙasa. Kada ka dogara da girman abu na zahiri: cokali yana iya kai tsawon ƙofa, doki kuma ya zama ɗan zane a jikin kofi. Dogayen abubuwa irin su takobi, sanda da kibiya ana kwantar da su ne a gefen tebur, jikin taga ko ƙafar kujera, inda layinsu zai saje da na katako. Abu mai launin duhu a inuwa yake fakewa, don haka ƙara hasken allo kafin ka fara, ka kuma kauce wa zama inda rana ke dukan fuskar kwamfutar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne danna ko'ina da fatan a dace. Yawancin wasannin suna hukunta wannan, ko a rage maka lokaci, ko linzamin ya ƙi aiki na 'yan daƙiƙoƙi. Maɓallin satar amsa kuma ka adana shi sai abu ɗaya ko biyu na ƙarshe.

Na maƙale a Return to Ravenhearst. Jakata cike da kaya, ban san inda zan kai su ba, na yi ta zagaye. (Mai karatu daga Kano)

Malam, ka taɓo babban abin da ake zargin wasan da shi. Ba shi da taswirar da za ka danna ta kai ka wuri nan take kamar wasannin da suka biyo baya, satar amsarsa kuma a wajen laluben kaya take taimako, ba ta nuna maka inda za ka nufa. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne. Mu muna tare da masu cewa a nan daɗin yake, domin sai ka san gidan lungu-lungu kamar ka taɓa kwana a ciki, kuma tsoron ya fi kama wanda ya san hanya amma yake fargabar sake bin ta.

Ga abin yi. Ɗauki takarda da biro. Duk inda ka ga abin da ya hana ka wucewa, rubuta wurin da abin da ya rasa: kwaɗo ba makulli, na'ura ba fis, rami mai siffar zuciya ko tauraro. Siffar ramin ita ce siffar abin da zai shiga. Daga nan ka bi jakarka ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa da jerin. Sau da yawa a nan matsalar ke warwarewa.

In ba ta warware ba, buɗe littafin binciken da ke ƙasan allo. Wasan da kansa yake kwafe lambobi, zane da kwanan wata da ka gani a bango ko a kan kabari, kuma kusan duk makulli mai lamba amsarsa tana wani wuri da ka riga ka wuce. Sannan ka koma wuraren da ka gama lalube, domin wasu sukan sake buɗewa da sabon jeri bayan labari ya ci gaba. Ƙyalƙyali shi ne alamar. A kowane hoto ka zagaya da linzami a hankali har gefuna da ƙasa, kana lura da inda alamarsa ta sauya, don akwai hanyoyin da ido ba ya kamawa da farko. Abin da ba ya amfani shi ne gwada kowane kaya a kowane wuri, gajiya kawai zai ƙara maka.

Ɗana mai shekara 11 yana son wasannin nan. Akwai illa? (Wata uwa daga Kaduna)

Hajiya, kin kyauta da kika tambaya kafin ki bari. Wasa da wasa akwai bambanci. Laluben kaya yana koya wa yaro natsuwa da sababbin kalmomi, amma labarin Ravenhearst na kisa ne da tsare mace a gida ba da sonta ba, a na biyun har da fatalwar yara tagwaye. Akwai kuma batun rayukan matattu da ke yawo, wanda ya kamata ki zauna da shi ki bayyana masa cewa ƙagen labari ne.

Escape from Ravenhearst kam kada ki ba shi. Kamfanin da kansa ya saka gargaɗi a kansa. Wasan yana tilasta wa mai yi ya bi rayuwar Charles Dalimar tun daga haihuwa, ta asibiti, da gidan uwarsa mai azabtar da shi, da gidan masu taɓin hankali, kuma akwai wuraren da manya ma suka ce sun tayar musu da zuciya. Wasu sun yaba da ƙarfin halin masu shi, wasu tsofaffin masoya jerin suka ce an wuce gona da iri. Ƙari a kan haka, an maye gurbin jerin sunaye da kayan da ke rikiɗa, wato ka zuba ido har ka ga abu ya sauya kama sannan ka danna, wanda ya ɓata wa masu son tsohon salo rai. Ga ɗan shekara 11, Huntsville na 2005, wasan farko a jerin, ya fi dacewa: binciken ƙananan laifuka ne cikin raha. Ko wanne ne dai, ki fara yin rabin awa da kanki, kuma kada a yi shi dab da barci.

Waya kawai gare ni. Kuma mene ne Collector's Edition da na ga ya fi tsada? (Mai karatu daga Kumasi)

Tsofaffin Ravenhearst don kwamfuta aka yi su, kayan cikinsu ƙanana ne ƙwarai, ko a sabuwar kwamfuta mai faɗin allo za ka ga baƙin shafi a gefe biyu. Ka bar shi haka, in ka miƙe hoton siffar kaya za ta karkace. A waya, nemi na kamfanin Artifex Mundi na ƙasar Folan, kamar Enigmatis: The Ghosts of Maple Creek na 2011, ko kuma True Fear: Forsaken Souls na kamfanin Goblinz, wanda ya fi su ban tsoro nesa ba kusa ba. Akan ba da farkon wasan kyauta, sai ka biya sau ɗaya a buɗe sauran. Suna da nauyi, don haka ka sauke su inda akwai Wi-Fi ko da datar dare, ka tabbata akwai fili a wayar. Yi amfani da yatsu biyu ka faɗaɗa hoto kafin ka danna, ka kuma sa iyafis, domin rabin tsoron a sauti yake: ƙarar katako, iska, takun da ba ka ga mai shi ba.

Collector's Edition wasan ne ɗaya da ƙarin babi, da jagorar da ke nuna mafita mataki-mataki, da hotuna da kiɗa, a kan kusan ninkin kuɗin. In kana yawan maƙalewa, jagorar za ta yi maka rana tunda tana cikin wasan, ba sai ka hau intanet ba. In ba haka ba, ɗauki na gama-gari. A kwamfuta kuma Big Fish yakan ba da awa 1 ta gwaji kyauta, wadda ta isa ka gane ko na'urarka za ta ɗauki wasan kafin ka fitar da ko sisi.