Amsa ga mai tambaya kan sayen sabuwar Colt Python sama da farashin kamfani

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka. Ka ce kana son sabuwar libarbar nan ta kamfanin Colt, wato Python mai rinin baƙi da aka fitar a 2024, kamfani ya sa mata dala 1,599, amma mai shagon ya kafe a kan 2,300, har yana ce maka in ta wuce ka ba za ka ƙara ganin irinta ba, kuma nan gaba daraja za ta yi. Shawarata, ka riƙe kuɗinka ka jira. Na daɗe ina shiga shaguna da kasuwannin baje kolin bindigogi a nan Texas, kuma irin wannan ɗokin ya sha tashi ya kwanta a kan idona.

Sunan Python ya samu kwarjini ne daga tsohuwar, wadda Colt ya fara ƙerawa a 1955 da harsashin .357 Magnum. Wannan da hannu ƙwararrun maƙera suke daidaita kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, su goge ƙarfen har ya yi sheƙi kafin a rina shi. A 1999 aka daina yin ta da yawa, a 2005 aka tsaya gaba ɗaya. Daga nan farashinta ya dinga hawa, don adadin da ke duniya ba zai ƙaru ba, sai dai ya ragu. Mai shagon naka yana son ka biya wa sabuwar kuɗin tarihin tsohuwar ne, alhali sabuwar tana fitowa daga masana'anta a kai a kai, kuma injina ne ke yin mafi yawan aikin. Bindiga ce mai kyau, ina da ɗaya, ina kuma jin daɗin harbi da ita. Amma abin da ake ci gaba da ƙerawa ba a kiransa mai wuyar samu.

A Janairun 2020 Colt ya dawo da Python, da ƙarfen da ba ya tsatsa, mai baki inci 4.25 da mai inci 6, a kan dala 1,499. Mutane sun yi shekara goma sha biyar suna jira, sai kuma korona ta zo, Amurkawa suka yi ta rububin sayen bindiga, har hukumar FBI ta yi binciken masu saye kusan miliyan 40 a shekarar nan kaɗai. Shaguna suka zama wayam. A dandalin gwanjo na GunBroker na ga ana tayi sama da dala 2,000, wasu ma suna haura haka nesa. Akwai wani abokin harbinmu da ya biya 2,500 a lokacin, don ya tabbatar wa kansa cewa jari ya zuba. Ni na sa sunana a jerin masu jira na wani shago, na saya a farashin kamfani bayan kayan sun wadata. Yau tawa da tasa kuɗinsu ɗaya a kasuwar na-hannu, kuma duka biyun ba su kai farashin sabuwa ba. Dala dubun da ya ƙara ba wanda zai mayar masa da ita.

Abin da ya fi damuna ma shi ne, waɗanda suka fi kowa biya su ne suka karɓi rukunin farko, kuma rukunin farko shi ne wanda ba a gama gwada shi a hannun jama'a ba. A farkon 2020 an yi ta kuka da wasu daga ciki: wata gangar harsasanta ta ƙi juyawa in an ja kunama, wata sukurorin gefenta sun saki, wata ba ta bugun harsashi da ƙarfi. Kamfanin ya fito ya yi bayani, ya gyara na waɗanda suka mayar, ya kuma yi canji a waɗanda suka biyo baya. Ka ga wanda ya jira ya samu mafi inganci a kuɗi mafi ƙanƙanta.

Haka aka sake yi da Anaconda, wata libarbar ta Colt, ta dawo a 2021, haka da Python mai inci 3 a 2022. Lamarin kamar sabuwar doya ce, kwanakin farko tana tsada, in motoci suka fara shigowa sai farashi ya sauka. Kuma tun da kamfanin CZ na ƙasar Cek ya sayi Colt a 2021, ba su nuna alamar rage ƙera waɗannan libarbobin ba, sababbin samfura ma suke ta ƙarawa.

In da gaske ajiya kake nufi, abin da masu tarawa ke biya wa kuɗi daban ne: wadda aka daina yi, wadda ba a sake rina ta ba, da kwalinta da takardunta na asali, ko kuma takardar tarihi daga ma'ajiyar Colt mai nuna ranar da ta bar masana'anta da dillalin da aka aika wa. Da 2,300 ɗin nan, in ka ƙara haƙuri da ɗan kuɗi, za ka iya fara neman tsohuwa ta shekarun 1970 ko 1980. Sai dai ka tafi da wanda ya san ta, don ana sake rina tsofaffi a sayar da su a matsayin na asali, kuma masu iya gyaran cikinsu sun yi ƙaranci.

Ka kuma lissafa abin da ke biyo bayan farashin. In ta intanet ka saya, akwai kuɗin aikowa, da kuɗin dillali mai lasisi da zai karɓa ya miƙa maka bayan ka cika fom 4473, wato takardar gwamnati da mai sayen bindiga ke cikewa, an yi bincike, ga haraji. Ran da za ka sayar kuma, shago ba zai ba ka farashin da yake sayarwa ba, dole ya cire ribarsa. Sannan ka kula da doka: saye da sayarwa a kai a kai don neman riba yana buƙatar lasisin dillanci, kuma dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta faɗaɗa waɗanda wannan sharaɗin ya shafa. Batun kai ta gida ma kada ka fara, libarba tana cikin makaman da dokar Najeriya ta haramta wa mutum riƙewa ba da izini na musamman ba.

Abin da zan yi in ni ne kai: ka kira shaguna uku ko huɗu, har da manyan shagunan kayan farauta waɗanda ba su cika ɗora ƙari a kan farashin kamfani ba, ka sa sunanka a jerin jira. A GunBroker kuma ka duba gwanjon da aka riga aka kammala, don farashin da aka saya shi ne na gaskiya, wanda aka rubuta ana jiran mai saye buri ne kawai na mai kaya. In ka samu a 1,599 ko ƙasa, ka riƙe ta a hannu ka duba juyawar gangar da zaman sukurorin kafin ka sa hannu a takarda. Allah ya sa a dace.