Naɗe ƙasa, shekarar haske da sauran tambayoyinku

Tambaya: Malam, a finafinan almarar kimiyya akwai jiragen da ke tsere wa haske, su tashi daga wannan tauraro su dira a wancan. Me za a kira wannan tafiya da Hausa? (Wani ɗalibi, Jidda)

Amsa: Ɗana, kalmar tana bakin kakarka. Tambaye ta labarin waliyyan da ake naɗe wa ƙasa, su yi alwala a Sakkwato su tayar da salla a Makka. Ka lura da hikimar lafazin: ba a ce waliyyin ya ƙara gudu ba, hanyar ce aka naɗe masa kamar tabarma, bakinta biyu suka haɗu. Dabarar marubutan nan ke nan. Tun 1905 masanin kimiyya Einstein ya nuna cewa duk abin da ke da nauyi ba zai kamo haske ba, wanda ke cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Da gudu ya gagara, sai suka koma wa hanya. A 1994 wani masani ɗan Meziko, Miguel Alcubierre, ya fitar da lissafin yadda sarari zai tsuke a gaban jirgi ya buɗe a bayansa. A takarda abin ya tsaya har yau. Ka ce "naɗe sarari", ka huta. Kalma na aro, ban haɗa karama da lissafi ba, kada a ja ni.

Tun da an taɓo gudu, bari in amayar da abin da ke cina. Kwanan baya na ga an rubuta "gaggawar haske". Me haske ya yi wa mutane? Gaggawa da zargi take tafe, shi ya sa ake ce mata aikin Shaiɗan. Hanzari yabo ne, na mai himma. Sauri yana tsakani. Na haske gudu ne. Yaranmu na nan Saudiyya duk sun dunƙule su a kalmar Larabci "sur'a", uwa ta aiki yaro sayen gurasar tamis ta bi shi da "yalla bi sur'a", kalmomi huɗu sun tafi a ɗaya.

Tambaya: Shekarar haske lokaci ce? (Wata malamar makaranta, Madina)

Amsa: Tazara ce, Malama, wato nisan da haske ke ci a shekara guda. Kakanninmu da suka ratso Chadi da Sudan a ƙafa har tashar jiragen ruwa ta Sawakin ai da "tafiyar kwana kaza" suke auna nisa. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu tafiyar shekara 4 ce da 'yan watanni, in haske ne matafiyin. Mai cewa "na yi shekarun haske ban gan ka ba" ya auna hatsi da kamu.

Tambaya: "Kafin ƙiftawar ido" ko "kafin ka ce kwabo"? (Wani direba, Makka)

Amsa: Duk daidai ne. Ta farko ga mumbari, ta biyu ga majalisa.

Tambaya: "Sannu ba ta hana zuwa" tana aiki a sararin samaniya? (Wani tela, Ɗa'ifa)

Amsa: Ƙarasa ta mana, Alhaji: sai dai a daɗe ba a je ba. Kumbon Voyager 1 ya bar duniya tun 1977, yanzu saƙonsa, da gudun haske, sai ya shafe fiye da awa 20 kafin ya iso mu. In ka yi masa sallama bayan asubar Asabar, kada ka saurari amsa kafin Lahadi da dare.