Takalmin da Aka Dawo da Shi Ranar Asabar

Ɗana, saƙonka ya iso ni da daddare, bayan an watse daga walima. Na karanta sau biyu. Ka ce wani mutum ya dawo da takalmin wasan hoki na kan ƙanƙara na ɗansa, wanda ka wasa ƙarfen da ke ƙasansa ranar Juma'a, yana faɗa a gaban mutane. Wai yaron idan ya karkata hagu sai ƙafa ta kama kamar an dasa ta, idan ya karkata dama kuma sai ta zame ya sha ƙasa, har kocinsu ya zaunar da shi a benci. Kai kuma ka gwada ƙarfen a farcenka, ya kankare farcen sumul, don haka ka ce masa aikinka ba shi da laifi. Yanzu kana tambaya ko ka ƙara masa kaifi, ko ka bar shi ya je wani shagon.

Kada ka yi ko ɗaya. Mutumin yana da gaskiya, kuma tun daga nan Kano ina iya gaya maka abin da za ka gani idan ka kifa takalmin.

Farce ba ya ƙarya, amma abu ɗaya kawai ya sani. Ya gaya maka akwai kaifi, bai gaya maka ko kaifin biyu sun yi daidai ba. Mu da muka taso muna ganin wanzami yana wasa aska, hankalinmu yana tafiya ne kan baki ɗaya: a sirance shi har ya yanke gashi, shi ke nan. Ƙarfen hoki ba haka yake ba. Faɗinsa wajen milimita 3 ne, kuma dutsen injin kwarmi yake haƙawa a tsakiyarsa daga gaba har baya, ya bar kaifi biyu, na gefen ciki da na gefen waje. (Na ce gefen ciki, ban ce bakin ciki ba, don na san ka da neman abin dariya.) Zurfin kwarmin nan, idan ka saita dutse a rabin inci, bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Wato bai kai kaurin takardar rasit ɗin nan biyu ba. A cikin wannan ɗan tsukin muke cin abinci. Idan tsakiyar dutse ta kauce wa tsakiyar ƙarfe ko da ƙanƙani, gefe ɗaya zai fi ɗaya tsayi, dogon ya riƙa cizon ƙanƙara, gajeren kuma ya riƙa nemanta bai same ta ba.

Ga yadda za ka gani da idonka. Kifa takalmin, ƙarfe sama, ka ɗaga shi daidai fuskarka ta wajen taga. Ɗora ma'aunin gefe, wannan mai maganaɗisu da ke rataye bayan inji. In ba ka gan shi ba, tsabar kuɗi ta kwata (senti 25) ɗaya ta isa: ɗora ta a kwance a kan ƙarfen, ka leƙa ta tsawonsa. Idan kuɗin ya kwanta a miƙe, lafiya. Idan ya jirkice kamar hular ɗan gaye, ka sami ɓarawonka. Kada ka duba wuri ɗaya ka tafi. Duba gaba, duba tsakiya, duba dunduniya. In duk wuraren uku sun jirkice ɓangare guda, saitin mariƙin takalmi ne, wato abin da ke riƙe shi a inji. In gaba ya karkata nan, baya ya karkata can, to ko ƙarfen ya lanƙwashe, ko ka matse shi a karkace.

Abin da ya sa na ce na san amsar shi ne yadda yaron yake faɗuwa. Mu a shagonmu takalma biyun duka fuska ɗaya muke kwantar da su a mariƙi. Saboda haka gefen da ke sama a ƙafar hagu na ciki ne, a ƙafar dama kuma na waje ne, ko akasin haka. Idan saiti ya kauce, dogayen gefunan duka biyu za su faɗa ɓangare ɗaya na jikin yaron. Shi ya sa juyi ɗaya yake kama masa fiye da kima, ɗayan ya watsar da shi. Ka tuna kuma, ranar Juma'a wa ya zo kafin su? In ban manta ba, mai tsaron ragar nan na manyan maza yakan kawo nasa kafin wasan dare, kuma irin nasa tsohon yayi ne, faɗin ƙarfensa milimita 4. Ka taɓa saiti dominsa, kamar yadda ya kamata. Ka mayar bayan ya tafi? Ba sai ka ba ni amsa ba.

Gyaran ba wuya. Fara da gyara fuskar dutse da tsinken daiman, a hankali, sau biyu ko uku, har ka ji sautin ya zama iri ɗaya. Dutsen da ya cushe da garin ƙarfe gogawa yake yi, ba yanka ba, sai zafi. Sannan ka ɗauki alƙalamin maka mai baƙar tawada ka shafe ƙasan ƙarfen kaf. Matse takalmin, ka ɗan taɓa shi a dutse ta gaba, ka taɓa ta baya, taɓi irin na mai gwada zafin dutsen guga. Duba inda tawada ta goge. Tabon ya kamata ya zauna a tsakiya. In bai zauna ba, ka riƙe wannan: gefen da ya fi tsayi shi ake matsowa kusa da tsakiyar dutse. In na sama ne dogo, sauke mariƙi. In na ƙasa ne, ɗaga shi. Ɗan murɗi kaɗan, ka bi sau biyu, ka cire ka auna. Kada ka daina sai tawadar ta tafi daga gefe zuwa gefe kuma kwata ta kwanta.

Hannu kuma ya zama mara nauyi. Tartsatsi ya riƙa fita siriri, iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Bi na ƙarshe ya fi sauran jinkiri da laushi. Daga nan ka kwantar da ƙaramin dutsen hannu a jikin ƙarfen, a kwance sosai, ka share gezar da inji ya bari. In ƙarfen irin mai baƙin rufi ne, ajiye dutse ka ɗauki ƙyallen fata, don dutse zai kankare rufin da mutum ya biya kuɗi mai yawa dominsa.

Yanzu maganar ƙara kaifi da ka kawo. Yawancin masu cewa a ƙara kaifi, zurfin kwarmi suke nufi ba su sani ba. Lambar da muke saitawa, 3/8 ko 1/2 ko 5/8 ko 3/4 na inci, girman da'irar da aka yanko kwarmin ne daga jikinta. Ƙaramar lamba, kwarmi mai zurfi, cizo da yawa, gudu ya ragu, gwiwa ta gaji. Babbar lamba, kwarmi shafal, sulɓi da yawa, cizo kaɗan. Da ka kai yaron nan 3/8 alhali gefunan ba su daidaita ba, da dogon gefen ya ƙara tsanani, ya je taka burki ƙafa ta riƙa karkarwa tana tsalle a kan ƙanƙara, ko ta kafe ta wurga shi. Ka tambayi uban da wace lamba yaron ya saba. In bai sani ba, bar shi a rabin inci, ka rubuta a kati ka ba shi, ka rubuta a littafinmu. Ƙato mai nauyi nauyinsa ma yana nutsar da ƙarfe, shi yakan fi jin daɗin 5/8 ko sama. Ƙanƙarar ma tana da magana: ta filayen waje a birnin Winifeg na Kanada cikin Janairu tauri gare ta kamar dutse, ta wasu zaurukan cikin bazara kuma laushi, lamba ɗaya ba za ta ba da ji ɗaya a kansu ba.

Tunda kana kan takalmin, aza ƙarfen a gefen ma'auni miƙaƙƙe ka ga bai lanƙwashe ba, ka girgiza shi ka ji ko yana motsi a cikin robarsa. Ƙarfen da ke rawa a gidansa, ko wa ya wasa shi ba zai zauna ba. In ka ga giɓi ko tsatsa, nuna wa uban da yatsa, ka ce yaro ya daina taka siminti ba kariya, ya kuma riƙa goge ruwa kafin ya jefa a jaka. Amma wannan bayan ka ba da haƙuri ne, ba kafin ba, kada ya zama kamar kana neman inda za ka rataya laifi.

Ni ma an taɓa dawo mini da takalmi, kuma nawa ya fi naka muni. A shekarata ta farko, a shagon wani dattijo da ya koya mini, wata Asabar layi ya kai ƙofa, na riƙa danna takalma a dutse kamar mai niƙan gero. Na wata yarinya mai tsaron baya na fi zalunta. Ƙasan ƙarfen takalmin hoki ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan gantsarwa, galibi ta da'irar ƙafa 9 zuwa 13, kuma a kanta ɗan wasa ya saba tsayuwa. Ni kuwa duk lokacin da na zo gaba ko dunduniya sai in ƙara nauyin hannu in ɗan dakata. Na cinye bakunan biyu, ƙarfe ya koma kamar ayaba, gaban har ya yi shuɗi don zafi. Ƙarfen da ya yi shuɗi ya saki taurinsa, ba ya riƙe kaifi. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ɗauko sabon ƙarfe ya sa mata, ya rataye tsohon a ƙusa daidai saitin idona, ya yi wata uku a wurin. Naka ƴan bi kaɗan za su gyara shi, nawa sai da aka zare kuɗi daga aljihu.

Kira mutumin gobe da safe kafin ya kai takalmin wani wuri. Ka ce masa ka duba, kuskuren daga wajenmu ne. Idan ya zo, ɗora kwatar a gabansa ya ga yadda ta jirkice, ka gyara yana tsaye, ka sake ɗorawa ya gani. Kada ka karɓi ko sisi, na gaba ma kyauta ne, ka ce ni na faɗa.

Sannan ka buɗe littafi ka ga takalma nawa ka wasa bayan na mai tsaron ragar nan. Duk wanda ya bar lamba, kira shi ya kawo a duba. Ina jin za su kai biyar ko shida, kuma wasunsu suna da wasa ranar Lahadi.